Wai Don Ba Mu Da Teku?

Kwanan baya aka nuna mana hotunan gaɓar teku mafi ƙazanta a duniya a zauren taron ɗalibai. Aka nuno tsibirin Henderson da ke tekun Fasifik, inda babu ɗan Adam ko ɗaya da ke zaune, amma a 2017 masu bincike suka ƙiyasta tarkace wajen miliyan 38 a kan yashinsa, akasarinsu roba. Da aka kunna fitila sai wani ɗan'uwa ya ce, "Mu dai Allah ya rufa mana asiri, ba mu da teku." Aka bushe da dariya. Ni kam ban yi ba, domin ni ɗan kudancin Jigawa ne, na kuwa san abin da ke kwance a bakin kogunanmu.

Jama'a, mu ɗan koma darasin labarin ƙasa. Kogin Bunga daga tsaunukan Jos ya taso, ya biyo ta ƙasar Ningi, ya ratsa Gwaram. Can gaba sunansa ya koma Kogin Jama'are, ya haɗu da na Haɗeja, suka zama Kogin Yobe, suka faɗa Tafkin Chadi. Tafkin Chadi kuwa ba shi da mafita zuwa teku. Mutumin Ikko in ya watsa shara a ruwa, igiyar teku na iya ɗaukarta ta kai wa wata al'umma. Mu fa? Babu mai ɗauke mana. Abin da muka zuba yana nan tare da mu, ko ya gangara wa 'yan'uwanmu na Katagum da Gashuwa.

Duk mai musu ya bari kaka ta wuce, ruwa ya janye, ya sauka cikin yashin kogi da ƙafarsa. Zai ga ledar fiya-wata da baƙar leda sun naɗe saiwar itatuwa, ga gorunan lemo, ga ƙunzugun jarirai na zamani, ga kwalaben maganin feshi da manoma suka yar bayan sun ɗauraye tankinsu a wurin. A cikin wannan yashi ne yara ke tona rami su jira ruwa ya tsatso su cika tulu. Nan masu lambu ke jan ruwan tumatir da albasa, nan makiyaya ke shayar da dabbobi. Da idona na ga mahauci ya farke tumbin saniya ya zaro curin leda kamar ya ɗauko shi daga juji. A kogon Dutsen Habude na Birnin Kudu, mutanen da can sun bar mana zanen shanu a jikin dutse, har baƙi na zuwa kallo. Mu ga abin da muka bar wa shanun!

To, laifin wa? Na san amsar da ake bayarwa a ofis: wai talaka ne bai waye ba. Wannan zance bai kama hankali ba. Talaka ba shi ya kafa masana'antar leda ba, kuma ganye da takarda da ƙwarya da ya saba da su ƙasa na cinye su. An kawo masa abin da ba ya ruɓewa, ba a ware masa wurin zubarwa ba, sa'an nan a juyo a kira shi ƙazami. Iyayenmu suna ba da labarin duba-gari, wanda ke shiga gida-gida ya leƙa randa da masai, ana shakkarsa. Yau ga masu takardar ilimin tsaftar muhalli birjik, amma shara ta fi ta jiya yawa. A 2021 cutar amai da gudawa ta yi wa Jigawa mummunar ɓarna. Muka yi ta'aziyya, muka koma muka zauna.

Dokoki ba su muka rasa ba. Tun da aka jibge dattin guba daga Italiya a garin Koko a 1988 Nijeriya ta kafa hukumar kare muhalli, a 2007 kuma aka kafa NESREA. Ruwanda ta haramta leda a 2008, Kenya ta bi sahu a 2017. A Mumbai ta Indiya wani lauya ne, Afroz Shah, ya fara tsintar shara a gaɓar Versova a 2015, jama'a suka mara masa baya, har a 2018 aka ga 'ya'yan kunkurun teku sun ƙyanƙyashe a wurin. Bai jira kwangila ba.

Saboda haka ina magana da ku, matasan ma'aikata da ke sashen lafiya da na ayyuka a ƙananan hukumomi. Ku rubuta, ku sa hannu, ku matsa a ware juji nesa da kogi, a tanadi amalanken kwashe shara ranar kasuwa, a kuma tilasta wa masu sana'ar ruwan leda su karɓi ledarsu. In fayil ya kwanta ku tashe shi. Mu kuma ɗaliban Birnin Kudu da Gwaram, da muka iya haɗa kuɗi don walimar ƙarshen zango, mu haɗa na buhuna da manjagara. Hutun da ke tafe mu nemi izinin hakimai, mu gayyaci mahauta da masu lambu, mu sauka cikin yashin kafin ruwan farko ya zo ya binne abin da ke wurin.