Wa'adi Ba Ya Tsayar da Aiki

A manhajar da ke tafiyar da ayyuka da dama lokaci guda, kowanne bisa zarensa, akan sanya wa kiran aiki wa'adi don kada jira ya wuce kima. Sai dai wa'adin mai jira kaɗai yake sallama. Aikin da aka kira yana nan yana cin ƙarfin kwamfuta. A Python, siginar ƙararrawa babban zare kawai take katsewa. Java kuwa tun 1998 ta yi hani da Thread.stop, domin zaren da aka yanke da ƙarfi yakan bar bayanai a dagule. Don haka wajibi ne mai rubuta manhaja ya tsara aikin tun farko yadda zai riƙa duba lokaci, ya kammala abin da ke hannunsa, sannan ya tsaya da kansa.