Kuɗin Ƙananan Hukumomi da Mazaɓar Likoro

Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙolin Najeriya ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya, maimakon asusun haɗin gwiwa da ke hannun jihohi. Ta kuma haramta wa gwamnoni naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓun shugabanni.

A mazaɓa irin Likoro, cikin ƙaramar hukumar Kudan ta Jihar Kaduna, za a auna hukuncin ne da aikin da ya iso gari: hanyar fitar da rake, asibitin sha-ka-tafi da azuzuwan firamare. Don haka wajibi ne majalisar ƙaramar hukumar da ke Hunƙuyi ta riƙa bayyana abin da ta karɓa da inda ta kashe shi kowane wata, kansiloli kuma su bi diddigi.