Sanƙarau da Katin Jariri a Ƙasar Kabo

Idan hunturu ya juya baya, bazara ta kankama, ƙura ta turnuƙe hanyar da ta tashi daga Kano ta ratsa Rimin Gado da ƙasar Kabo zuwa Gwarzo, akwai kalma guda da dattawa ba su son ji, watau sanƙarau. Suna da hujja. A 1996 annobar ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000, Jihar Kano kuwa tana cikin wuraren da ta fi yi wa ta'adi. An daɗe ba a sake ganin mai girman wannan ba, har wasu sun ɗauka cutar gajiya ta yi ta tafi don kanta. Allura ce ta karya lagonta. Abin takaici shi ne, allurar da ta fi muhimmanci a yau, wato ta jarirai, ita ce aka fi yi wa riƙon sakainar kashi.

Ɗalibin harshe zai lura cewa wani ɓangare na matsalar yana cikin sunan kansa. Bahaushe ya raɗa wa cutar suna da abin da idonsa ya gani: wuya ya sanƙare, majiyyaci ya kasa sunkuyar da kai. Sunan ya dace da babba ko yaron da ya tasa, amma ya rufe abubuwa biyu. Na farko, ƙwayoyin cuta iri-iri ne ke kumbura tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka. Manya daga cikinsu uku ne: meningokokas, mai kawo annobar bazara, wadda ita kanta ta kasu gida-gida (A, B, C, W, X da Y); sai numokokas; sai wadda likitoci ke taƙaita sunanta da Hib. Na biyu, jariri ɗan wata huɗu ko biyar ba lalle ne wuyansa ya sanƙare ba. Zazzaɓi ne zai rufe shi, ya ƙi nono, ya yi ta kuka ba ƙaƙƙautawa ko jikinsa ya saki, maɗigarsa ta kumbura, wani lokaci ya yi ta jijjiga. Sai a ce haƙori ne, ko iska, ko maita. Hib da numokokas ba su cika zuwa da gayya ba, ɗauki ɗai-ɗai suke yi, rani da damina. Ba a shelar su a rediyo, ba a kafa rumfa a asibiti dominsu, saboda haka jaririn da suka kashe a Garo ko Getso da wuya a ce sanƙarau ne ya tafi da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum 1 cikin 6 da irin wannan sanƙarau ya kama yakan mutu, 1 cikin 5 kuma yakan tashi da tabo, kamar kurumta ko farfaɗiya ko raunin fahimta.

Shin allurar jarirai tana tasiri a kan wannan ɓoyayyen sanƙarau? Gambiya ta ba da amsa, ƙasa ce kuwa mai rani da ƙura da talauci irin na ƙasar Hausa. A 1997 ta sa riga-kafin Hib cikin alluran da ake yi wa kowane jariri. Kafin a fara amfani da shi, a yammacin ƙasar, cikin kowane jarirai 100,000 da ba su cika shekara ba, fiye da 200 kan kamu da sanƙarau na Hib a shekara. Ya zuwa 2002 masu bincike ba su sami ko ɗaya ba. Wani abin sha'awa shi ne, cibiyar binciken da ta bi diddigin wannan aiki ta daɗe a hannun Brian Greenwood, likitan da ya shafe shekarun 1970 a Jami'ar Ahmadu Bello yana nazarin sanƙarau a Zariya. Nijeriya ta makara. Sai a 2012 ta fara allurar Penta, wadda ta haɗa riga-kafin Hib da na wasu cututtuka huɗu, sa'an nan a ƙarshen 2014 ta fara ta numokokas, wato PCV. Duka biyun ana yin su sau uku, jariri yana da mako 6, da mako 10, da mako 14.

Labarin annobar bazara ya fi wannan shahara. Tsohuwar allurar da aka riƙa yi bayan annoba ta riga ta ɓarke ba ta kama ƙananan yara sosai, ƙarfinta kuma bai wuce 'yan shekaru ba. Sabuwar, MenAfriVac, wadda aka haɗa a Indiya a kan kuɗin da bai kai rabin dalar Amurka ba, an fara ta a Burkina Faso da Mali da Nijar a Disamba 2010, Arewacin Nijeriya kuma tsakanin 2011 da 2014. Fifikonta shi ne tana kawar da ƙwayar daga maƙogwaro. Mutane da yawa suna yawo da ita a maƙogwaronsu lafiya lau, suna yaɗa ta ta tari da numfashi. Idan aka toshe wannan kafa, har wanda ba a yi wa allurar ba ya sami kariya. A Chadi, yankunan da aka yi wa allurar sun ga sanƙarau ya ragu da kashi 94 cikin 100 a 2012, alhali annoba tana ci a yankunan da ba a kai ba tukuna. Tun 2017 ba a sake tabbatar da nau'in A a yankin sanƙarau na Afirka ba.

To, a nan ne gizo ke saƙar. Gangamin da aka yi na 'yan shekara 1 zuwa 29 ne na wancan lokaci. Duk yaron da aka haifa a Kabo bayan ma'aikata sun naɗe kayansu bai ci moriyar wannan allura a jikinsa ba, inuwar yayyensa ya raɓa. Kowace shekara kuwa ana suna a gidaje bila adadin, inuwar tana ƙara ƙanƙancewa. Dalili ke nan da ya sa a 2019 aka mayar da allurar nau'in A cikin jerin na yau da kullum, a yi wa jariri a wata 9 tare da ta ƙyanda. Nauyin ya tashi daga kan motar gangami ya koma kan uwa mai goyo da ɗan asibitin mazaɓarta. Mai son sanin ko ana sauke wannan nauyi ya dubi mashaƙo. Riga-kafinsa yana cikin Penta, kwalba ɗaya da na Hib. Annobar mashaƙon da ta tashi a ƙarshen 2022 ta ci gaba cikin 2023 ta fi yin ɓarna a Jihar Kano fiye da kowace jiha. Yaron da mashaƙo ya samu ba kariya, Hib ma haka zai same shi, sai dai shi ba ya yin kururuwa.

Masu ɗari-ɗari da allura ba mahaukata ba ne, kuskure ne a raina su. Wani zai ce an yi wa jama'a allurar sanƙarau, amma ga shi tsakanin 2016 da 2017 ya kwantar da mutum fiye da 14,000, ya kashe fiye da 1,100, akasari a Zamfara da Sakkwato da maƙwabciya Katsina. Gaskiya ne, amma nau'in C ne, allurar kuwa ta A ce. Ba a yi wa talaka wannan bayani ba, an ce masa "allurar sanƙarau" kawai, don haka da ya ga sanƙarau sai ya ce an yaudare shi. A Maris 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta yi amfani da Men5CV, mai kare nau'i biyar, wato A, C, W, X da Y. Wani kuma zai tuno da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara kimanin 200 a Asibitin Zana na Kano lokacin annobar 1996. Yara 11 sun mutu; kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, amma a 2009 ya sasanta da gwamnatin jiha a kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Sai dai Trovan magani ne da ake gwaji a kan marasa lafiya, Penta da PCV kuwa an yi wa ɗaruruwan miliyoyin jarirai a duniya. Kuma magidancin da ke hana matarsa kai jariri, in kujerar Makka ta samu, da kansa zai miƙa dantse a yi masa allurar sanƙarau, domin Saudiyya ba ta karɓar alhaji sai da ita.

Ragowar cikas ɗin ba na aƙida ba ne. Uwa ta nemi izinin mai gida, ta bar girki da surfe, ta biya kuɗin babur daga ƙauye, ta je ta tarar yau ba ranar allura ba ce. Jariri ya yi zazzaɓin kwana ɗaya bayan ta farko, kaka ta ce ba za a koma ba. Wannan aikin ƙaramar hukuma ne da dagatai da limamai, kuma an san yadda ake yin sa.

Abin da ya rage a wuyan Sashen Hausa shi ne bakin da ake magana da shi. Katin jariri cike yake da Penta 1, PCV 2, Men A, baƙaƙen da ba su gaya wa uwa kome. Sau da yawa ma'aikaci yakan ce "allurar cinya" ya wuce. Ana bukatar sunaye na Hausa da za su raba sanƙarau na bazara da na goyo, da jimla guda gajeriya da ungozoma ko mai shela zai iya riƙewa, mai cewa jariri yana iya kamuwa ba tare da wuyansa ya sanƙare ba, alluran cinyar nan uku da ta wata tara su ne garkuwarsa. Ɗaliban da ke neman batun kundin digiri suna iya farawa da tattara sunayen da mata ke kiran ciwon kumburin maɗiga da jijjiga a ƙauyukan Kabo da Gwarzo, su kai wa likitocin Babban Asibitin Gwarzo su ji wanne ne ya yi daidai da abin da suke gani a gadon yara.