Idon da Fata Ta Rufe Ba Ya Jiran Yaro Ya Girma

A gidaje da dama, idan aka haifi yaro fatar idonsa ɗaya ta sauko ta rufe rabin ƙwayar, sai a ce halittarsa ce haka. In wani ya kawo zancen tiyata, sai a ɗauke ta aikin kwalliya irin na masu son sauya kamanni. Wannan fahimtar tana iya sa yaron ya rasa ganin ido guda.

Wata siririyar tsoka ce ke ɗaga fatar ido ta sama, kuma akan haifi wasu yaran ba ta ginu sosai ba. Ƙwaƙwalwar yaro kuwa koyon gani take yi, tana kammala mafi yawan koyon kafin shekara 7 zuwa 8. Idan fata ta tare baƙin ido a wannan lokaci, ƙwaƙwalwa takan yi watsi da idon ta dogara ga ɗan'uwansa. Bayan ya girma, ko an ɗaga fatar, da wuya ganin ya dawo cikakke. Yaron da kullum yake ɗaga haɓa ko gira kafin ya kalli allo, hanyar gani yake nema.

In tsokar tana da sauran ƙarfi, likita yakan gajarta ta. In ta yi rauni ƙwarai, sai a haɗa fatar da tsokar goshi ta hanyar zaren silikon ko wani zirin tantani da aka ciro daga cinya. Aikin yana da nasa haɗari: idon na iya ƙin rufuwa ruf a lokacin barci har ya riƙa bushewa, wani lokaci ma sai an sake aikin. Kuma ba kowane yaro ke buƙatarsa da gaggawa ba.

Ga manya, yawanci tsufa ne ke sassauta tsokar. Amma fatar da ta sauko farat ɗaya, tare da ciwon kai ko gani biyu-biyu, tana iya zama alamar matsala a cikin kai, kuma asibiti take bukata a ranar.

Likitan ido ne kaɗai zai tantance wanda zai iya jira, a wurare irin su Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna ko Asibitin Ido na ECWA a Kano. Nauyin da ke kan iyaye shi ne su kai yaron a auna shi tun kafin ya shiga makaranta, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.