Wai Gidan Makama Na Turawa Ne?

Rannan na ce wa wata ƙawata mu kai yara Gidan Makama, sai ta kwashe da dariya, wai ai wurin Turawa 'yan yawon buɗe ido ne. Haba 'yan uwana mata! Gidan da yake tsaye tun ƙarni na 15, zamanin Muhammadu Rumfa, ga shi dab da gidan Sarki, shi ne ya zama na baƙi? Mukan kwana uku muna biki, amma awa ɗaya a can ta gagare mu.

A ciki akwai tsofaffin ƙyamaren ƙofofin birni, da hotunan Kano ta da. Yaron da aka tsayar gaban ƙyauren nan, aka ce masa kakanninsa ne suka gina badala da hannunsu, wallahi da wuya ya girma ya zuba mata shara ko ya yanki fuloti a kanta. A 2010 aka rushe Ƙofar Na'isa don faɗaɗa titi. Mu nawa muka ɗaga murya?

Su ma masu kula da gidajen tarihi su daina jiran 'yan makaranta kawai. A ware ranar mata, a gayyato tsofaffin unguwa su yi mana bayanin jere da tasoshin amaren da, don sun fi rubutun bango sani. Ni dai hutun nan zan kai nawa yaran, har da maigida in ya yarda.