Masu Cewa "Ai Fim Ne Kawai", Ga Amsata

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan karo shi ne wata gardama da ta kaure tsakaninmu a daren kallon fim da muka yi a gidan wani ɗan uwa a unguwar Bronx. An saka mana tsohon fim ɗin nan mai suna Outbreak, ana kallo ana shewa, da aka gama sai na ce ni fa wannan fim ya ɓata mini rai. Nan take aka yi mini ca, wani ya ce na cika tsaurin ra'ayi, wata kuma ta ce, "Haba malam, ai fim ne kawai." To wannan kalma ta "fim ne kawai" ita nake so mu zauna mu warware, domin kuwa a ganina mu baƙi da ke zaune a New York mu ne mutane na ƙarshe da ya kamata a ji ta a bakinmu.

Bari mu fara da shi kansa fim ɗin. An fitar da Outbreak a 1995, Wolfgang Petersen ne darakta, Dustin Hoffman da Morgan Freeman na cikin manyan 'yan wasan. Labarin wata ƙwayar cuta ce da suka raɗa wa suna Motaba, wadda ta ɓulla a dajin Zaire, wani biri ya shigo da ita Amurka. A mintunan farko sojojin Amurka suka jefa bam a sansanin da cutar ta ɓarke a Zaire, suka hallaka masu ciwo da masu jinya, aka wuce wurin. Sauran fim ɗin kuma gaba ɗaya fafutuka ce ta hana a jefa irin wannan bam a wani ƙaramin gari na Kalifoniya. Na yarda fim ɗin ya nuna janar ɗin da ke son a jefa bam a matsayin mugu. Amma mai karatu ya tambayi kansa, su wa aka ba suna da iyali da hawaye, su wa aka bari a matsayin share fage? Abin dariya ma, birin da aka yi wasan da shi ba na Afirka ba ne, irin na nahiyar Amurka ne.

Za a ce mini ai ba duka finafinan ne ke ɗora wa Afirka laifi ba, kuma gaskiya ne. A 28 Days Later na 2002 cutar daga ɗakin bincike a Ingila ta fito. A I Am Legend na 2007, inda Will Smith ke yawo shi da karensa a titunan Manhattan da ciyawa ta cinye, maganin ciwon daji ne ya rikiɗe ya zama annoba. A shirin talabijin The Strain na 2014 kuwa, jirgi ne ya sauka a filin JFK ɗauke da wata tsutsa mai shiga jikin mutum ta mallake shi. Sai dai duk inda cutar ta fito, darasin da suke koyarwa ɗaya ne: da zarar mutum ya kamu, ya tashi daga mutum ya koma dodo, maganinsa harsashi, ko katanga, ko a karya gada a bar shi can. Mai kallo yakan tashi ya manta sunan jarumi, amma wannan darasi yana nan kwance a zuciyarsa yana jiran ranar da za a ce annoba ta shigo gari.

Ranar kuwa ta zo a wannan birni. A watan Oktoba na 2014 aka kwantar da Dakta Craig Spencer a asibitin Bellevue, bayan ya dawo daga ƙasar Gini inda ya yi jinyar masu Ebola. Mutum ɗaya ne tak aka samu da cutar a New York, bai shafa wa kowa ba, kuma ya warke aka sallame shi a watan Nuwamba. Amma a cikin waɗannan kwanaki aka lakaɗa wa wasu yara biyu 'yan uwan juna, 'yan asalin Senegal, duka a makarantarsu a nan Bronx, ana kiransu da sunan Ebola. Senegal ɗin nan mutum ɗaya ne aka samu da cutar a cikinta, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta riga ta tabbatar cutar ta ƙare a can. A makon ne kuma aka tsare ma'aikaciyar jinya Kaci Hickox a cikin tanti a Newark bayan dawowarta daga Saliyo, alhali gwaji ya nuna ba ta ɗauke da cutar. Ban ce fim ne ya ɗaga hannun yaran da suka yi dukan ba. Abin da nake cewa shi ne, tsoron da bai san lissafi ba, wanda ke ganin baƙar fata ya ga ƙwayar cuta, ba daga littafin likitanci aka koye shi ba.

Yanzu mu dubi yadda aka kashe wutar Ebola a gida a wannan shekarar. Ranar 20 ga Yuli 2014 Patrick Sawyer ya sauka a Legas daga Laberiya yana ɗauke da cutar. Dakta Ameyo Adadevoh ta ƙi yarda ya bar asibiti duk da matsin da aka yi mata, ta kamu, ta rasu. Ma'aikatan lafiya, da yawansu waɗanda suka gogu a yaƙi da shan inna, suka bi sawun kusan mutum 900 gida gida suna auna zafin jikinsu kullum. Mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, ranar 20 ga Oktoba aka ayyana Nijeriya ta rabu da cutar. Babu bam, babu jarumi ɗaya da ya tsallako daga jirgi mai saukar ungulu da kwalbar magani a hannu. Haƙuri ne da rajista da ƙwanƙwasa ƙofa, irin aikin da Hollywood ba ta ganin zai sayar da tikiti.

Da korona ta zo a 2020, sai laifi tudu ne ya tabbata, ka taka naka ka hango na wani. Binciken da masana suka yi a Mount Sinai da Jami'ar New York ya nuna yawancin ƙwayoyin da suka bazu a birnin nan daga Turai suka shigo. Mutum na farko da aka tabbatar yana da cutar a Nijeriya ɗan Italiya ne. A nan ne, ba a Kano ba, aka jera manyan motoci masu firiji a bakin asibitoci domin ajiye gawa. Duk da haka, da masanan Afirka ta Kudu da Botsuwana suka sanar da duniya nau'in Omicron a Nuwamba 2021, ladan da aka ba su shi ne rufe ƙofa ga matafiyan ƙasashe takwas na kudancin Afirka, Ingila kuma ta ƙara da Nijeriya a jerinta.

Amma kada mu tsaya ga zargin Turawa, mu ma finafinan nan sun yi mana illa ta wata hanya. A lokacin korona na sha ganin guntayen Contagion na 2011 suna yawo a WhatsApp ɗin dangi, wai hujja ce cewa shirya cutar aka yi. Alhali wannan fim ya yi kama da gaskiya ne domin masana irin su Ian Lipkin na Jami'ar Columbia sun ba masu shirya shi shawara, kuma shi ne wanda na fi yaba wa a cikinsu. Na san zargin mutanenmu yana da tushe. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano a kan yara 200, 11 suka rasu, shari'ar ta kai har kotunan tarayya na New York, aka sasanta da Jihar Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Wannan tarihi ne mai takardu, a kansa ya kamata mu tsaya. Idan muka cakuɗa shi da tatsuniyar fim, sakamakon shi ne irin abin da ya faru a 2003, da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano, cutar ta sake bazuwa, yaranmu ne suka shanye.

In ma tsutsa mai ban tsoro ake nema, wace tsutsar fim ce ta kai kurkunu, wadda ke shekara guda a jikin mutum sannan ta huda ƙafa ta fito, a riƙa naɗe ta a tsinke kwana da kwanaki? A 1988 an ƙirga sama da mutum 650,000 masu ita a Nijeriya. Da tace ruwa da wayar da kai ƙauye ƙauye, tare da ƙoƙarin Jimmy Carter da Janar Yakubu Gowon, aka ga mai ita na ƙarshe a 2008, aka ba ƙasar shaidar rabuwa da ita a 2013. Wa ya taɓa ganin wannan a allon silima?

Saboda haka ba cewa nake a daina kallo ba, ni ma ina kallo. Roƙona ga shugabannin ƙungiya shi ne, duk daren da za a saka irin wannan fim, a ware rabin sa'a bayansa, 'yan uwanmu masu karatun likitanci da lafiyar al'umma su faɗa mana ina gaskiya ina ƙari. Masu karatun shirya fim a cikinmu kuma, ga labarin Dakta Adadevoh, wanda 'yan Nijeriya suka fara da 93 Days a 2016, ga na kurkunu, ga na yaran Kano na 1996, suna jiran mai ɗaukar kyamara. Ita kuma 'yar uwata da ta ce fim ne kawai, ina gayyatarta ta ba ni amsa a fitowa ta gaba. Allah ya kare mu daga annoba, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.