Ganyen da ba ki san sunansa ba, kada ya hau farantin talla

Da zarar damina ta kankama a ƙasar Tasawa da Mayahi, sai ka ga tsirrai iri-iri sun cika bayan ɗaki da gindin randa, ba wanda ya shuka su. Wasu iska ce ta kawo irinsu, wasu kuma cikin takin dabbobi suka zo. Idan tsiro ya yi kore shar ya fitar da fure mai kyau, sai maigida ya ce a bar shi, uwargida kuma ta fara tunanin ko zai shiga kwaɗo. A ra'ayina, duk tsiron da ba a tabbatar da sunansa ba, bai kamata ya shiga tukunya ba, balle a kai shi kasuwa.

Mu ɗauki tafasa, wadda mata da yawa ke samun na cefane da ita. Tana da ɗan uwa mai kama da ita, wato rai-ɗore, kuma dukansu furensu ruwan ɗorawa ne. Amma ganyen tafasa bibbiyu yake jeruwa sau uku, bakinsa a zagaye, kwanson 'ya'yanta siriri ne mai lanƙwasa kamar lauje. Shi kuwa rai-ɗore ganyensa mai tsini ne, ya fi yawa a jere, kwansonsa kuma fale-fale. Wani zai ce ai rai-ɗore magani ne tun kaka da kakanni. Haka ne, amma magani da awo ake shan sa. A shekarar 2007 likitoci a jihar Uttar Pradesh ta Indiya sun danganta mutuwar ƙananan yara da cin 'ya'yan wannan tsiro, saboda yadda suke lalata hanta.

Wanda ya fi haɗari shi ne zaƙami. Furensa dogo ne kamar kakaki, galibi fari, ɗansa kuma dunƙule ne mai ƙaya. Ba a banza ake kiransa haukata-yaro ba. Yaron da ya ci 'ya'yansa bakinsa zai bushe, jikinsa ya yi zafi, ya shiga sambatu. Idan haka ta faru, a garzaya da shi asibiti tare da reshen tsiron, kada a tsaya jiƙe-jiƙe.

Iyayenmu sun san wannan ilimi. A yunwar 2005 mutane da dama a jihar Maraɗi sun rayu da anza, amma sai da aka jiƙa ta kwana da kwanaki ana sauya ruwa kafin ɗacinta ya fita. Sanin ne ya mayar da ita abinci.

Saboda haka, ya ke 'yar uwa mai talla, idan baƙon tsiro ya fito a gidanki, yanko reshe mai ganye da fure da kwanso, ki nuna wa tsofaffin unguwa ko malamin gona. Kada ki dogara da cewa akuya ta ci ba ta mutu ba, cikin akuya daban, na yaro daban. Haka ma wanda ke saro busasshen ganye buhu-buhu, ya tambayi inda aka tsinko shi, domin idan ganye ya bushe ya murmushe, gane gauraye sai mai ido. Kwano ɗaya da ya kwantar da ɗan maƙwabciya ya isa ya kori cinikin da aka shekara goma ana ginawa, ga kuma alhaki.

Allah Ya tsare mu da iyalanmu, Ya sa albarka a kasuwa, amin.